Jar Akuyata da Karnukan Bayan Katanga

Gidan da aka kai ni aure shi ne na ƙarshe a layinmu, can gefen Sabo ta wajen Mokola. In ka tsaya a ƙofar gida Hausawa za ka gani ko'ina, masu goro, masu canji, masu tsire, amma bayan katangarmu gidan wani dattijon Bayarabe ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Shi da matarsa ne a ciki, sai karnukansa, wani baƙi mai yankakken kunne da wata ja mai yawan haihuwa. Ni a Sabo aka haife ni, Yarbanci a bakina kamar Hausa, kuma har na yi aure ban taɓa samun maƙwabcin da muka kasa zama da shi ba.

Na ce katanga ne don dai in rufa wa gidan asiri. Ruwan Ibadan ya riga ya cinye rabinta tun kafin in zo, aka toshe giɓin da tsofaffin kwanon rufi da wata ƙofar mota da ban san inda aka samo ta ba. Maigidana ɗan kamasho ne a tashar Ojoo, yana fita bayan asuba sai magariba. Duk ranar da na yi masa maganar gyara sai ya ce gidan haya ne, a jira mai shi. Mai shi kuwa yana Arewa, ba ya tuna yana da gida a Kurmi sai lokacin karɓar haya ya yi. Da rana daga ni sai goyona sai Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidan, wadda ta raine shi, tsohuwa mai carbi da ƙa'ida. Ba na fita, kamar sauran matan layin. Ƙosai nake soyawa da safe, 'yan talla su ɗauka, abin da ya ragu in sayi dusa.

Da kaji na fara. Kyanwoyin unguwa suka fara yi mini ɗauki ɗai-ɗai a 'yan tsaki, na sa aka saƙa mini babban kwando ina kifewa, na ɗora dutse. Wannan na iya da shi. Kyanwa tana da kunya, in ka jefe ta sau ɗaya za ta yi kwana biyu ba ta waiwaye ka ba. Kare ba haka yake ba. Ranar da baƙin nan ya gano akwai kaji a bayan kwano, ya tona rami ta ƙasa ya shigo kamar an aiko shi. Ina cikin ɗaki ina shayarwa na ji kururuwar kaji, kafin in fito ya fice da zakarana a baki, gashi yana tashi a tsakar gida.

Babu abin da ban yi wa ramin nan ba. Na cika shi da duwatsu, suka tona gefensa. Na zuba fasassun kwalabe, ni na fara takawa. Na barbaɗa barkono, ruwa ya sauko ya wanke shi cikin kwata. Na aika aka sayo mini ragar waya a Mokola, na ɗaure da kaina da hannuwan nan, tsatsa ta cinye ta kafin damina ta fita. Na ajiye tarin tsakuwa a bakin murhu, har na zama gwanar jifa, abin da ban iya ba ina budurwa. Ga wahalar wanki kuma, don duk kwanon da na bari a waje ban san ko an lasa ba, sai Gwaggo ta sa ni in wanke in sake wankewa har da ƙasa. Wata maƙwabciyata ta ce in sa maganin ɓera a nama in jefa musu. Na kwana ina juya maganar a raina, ba zan ɓoye ba, amma maigidan da ya ji ya rantse in na yi sai na bar masa gida, ni ma kuma na san kajina ne za su fara tsattsagar abin.

Matar dattijon, Iya muke ce mata, ba muguwa ba ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da muguwa ce da na zage ta na huce. Ta saman kwano muke magana, ita a kan turmi, ni a kan bokiti.

“E ma binu, iyawo,” haka take farawa kullum, wato ni amarya in yi haƙuri kar in yi fushi. “Kare ne, ba ya jin magana.”

“Iya, sarƙa tana jin magana ai. Ku ɗaure su mana, abi?”

“Baba ba zai yarda ba. Ya ce karen da aka ɗaure ba kare ba ne.”

Ta ba ni labarin yadda ɓarayi suka taɓa shiga musu, suka karya wa Baba hannu, tun daga nan ya kawo karnukan ya sake su. Na ji tausayinsu, amma tausayin bai dawo mini da zakara ba. Wani lokaci takan miƙo mini ayaba ko ɗan manja a kwalba, in karɓa ina murmushi, raina kamar wuta.

Na matsa wa maigidan har ya je wurin mai unguwa. Ya dawo ya zauna ya ci tuwonsa tas kafin ya ba ni amsa.

“An ce a yi haƙuri. Garin mutane muke.”

“Garin wa? Malam, a nan aka binne cibiyata. Nawa garin yana ina?”

“Ke dai kin cika faɗa. A kan kaza za a tayar da rigimar Hausa da Yarbawa?”

Ban sake ce masa komai ba a kan kaji. Aka ci gaba da ɗiba, wasu kare ya kashe, wasu na sayar don kar a riga ni, har akurki ya zama wurin ajiyar gawayi.

Akuyar daban ce. Bayan rasuwar mahaifina, Inna ta tattara ta koma ƙauyensu a Arewa, ta ce ba za ta tsufa a garin da ba a ganin ƙarshen sama ba. Bayan na haihu ta aiko mini da 'yar akuya a motar da ta kawo albasa, ja wur, doguwar ƙafa, ba irin gajerun awakin Kurmi masu tumbi ba. Direban ya ce Inna ta ce in riƙe ta da kyau, kar in sayar, mace tana son abin da yake nata a cikin gida. Shekara ba ta zagayo ba aka aiko mana Inna ta rasu. Ban samu zuwa ba, an riga an rufe ta kafin labari ya iso. Kayanta 'yan'uwa suka raba a can. Abin da ya zo hannuna daga uwata a duniya, akuyar nan ce.

Kowa ya ce ba za ta rayu ba, awakin Arewa ba sa son laimar Kurmi. Na ce mu gani. Na sa aka haɗa mata ɗan dandamali na katako don kar ƙafarta ta zauna cikin caɓi, na yi mata rumfa. Ƙasari take sha da dusa, ɓawon doya, ɓawon rogo da na shanya, in an yi sa'a maigidan ya roƙo mata harawa wurin direbobi a tasha. Ta yi mura na dafa mata kanwa. Ta yi kyau har Gwaggo da ba ta yabon komai ta ce gashinta kamar an shafa mai. Ina yi mata magana in babu kowa, ba na jin kunyar faɗa. In na tuna Inna nakan je in zauna kusa da ita in yi kukana, ita tana tuƙa tana kallona.

Da farko sakinta nake, ta zaga layi ta dawo da kanta. Sai zamanin soja ya zo da dokar tsafta, ma'aikatan duba-gari suka riƙa bi layi-layi suna kama duk akuyar da suka gani a waje, su jefa a mota. Mata da yawa sun yi asara. Maigidan ya kafa mini turke a bayan gida, ya ce in ɗaure ta kar ta sake leƙa waje. Na tambaye shi ko dokar ta haɗa da karnuka. Ya ce shi dai bai ga an sa kare a mota ba. Haka aka zauna, tawa mai cin ɓawo tana ɗaure da igiya, nasu masu cin nama suna yawo.

Shekaru muka yi a haka. Karnukan sukan leƙo ta rami su tsaya suna kallonta, ta buga ƙafa ta sunkuyar da ƙaho, ni kuma in fito da tsakuwa. Na daina barcin rana. Ko wanka zan shiga sai na ce wa Gwaggo ta sa ido, ita kuwa idon nata carbi kawai yake gani. Akuyar ta haihu sau ɗaya, ɗan bunsuru, aka yanka shi a sunan ɗana na biyu. Daga baya wani mahauci a layinmu ya kawo jan bunsuru daga Arewa, na roƙi matarsa aka ba ni aronsa kafin a yanka. Akuyata ta ɗauki ciki. Na sa rai ko za ta ba ni mace, irin Inna ya tsaya a gidan.

Karnukan sun san Juma'a, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Sun san ranar da Sabo ke zama babu namiji, babu mai tsiren da zai daka musu tsawa, babu yaron shagon da zai jefe su. Ranar, maigidan ya dawo daga tasha da hantsi ya yi wanka ya tafi masallaci. Ina jin liman ta lasifika ya fara huɗuba. Ƙaramin ɗana ya ɓata jikinsa, na shiga da shi bayi ina wanke shi. Kukan da na ji ban taɓa jin irinsa daga bakin akuyata ba.

Na fito da gudu hannuna duk sabulu. Ba biyu ba ne, har da 'ya'yan jar karyar da suka girma. Sun ture kwano ɗaya gaba ɗaya. Akuyata ta ja igiya har ƙarshe tana zagaye turke, babu wurin gudu, baƙin ya kama ta a gefen wuya, sauran suna ta cinya. Na ɗauki taɓarya. Ban san ina da irin wannan ƙarfin ba, na kai wa baƙin duka a ƙugu har ya saki yana ihu, sauran suka bi shi ta giɓin.

Tana kwance a gefen dandamali, jini yana bin ƙasa, cikin nan nata yana hawa yana sauka. Na duba raunin na san ba za ta tashi ba. A lokacin abu ɗaya ya rage mini a rai: kar ta tafi mushe. A yanka ta da sunan Allah, in raba naman sadaka ladan ya kai wa Inna, in ba da fatar a jeme mini in riƙa salla a kai. Na shiga kicin na ɗauko wuƙar da maigidan ke yankan kaji da ita, na goga a bakin turmi.

Gwaggo ta fito tana dogara sanda.

“Ke! Me za ki yi da wuƙar nan?”

“Gwaggo, za ta mutu.”

“To mace ce za ta yi yanka? A gidan wa kika taɓa gani? In kin yanka ma mushe ce, kin ƙara da ɗaukar alhaki. Ajiye, a nemo namiji.”

Gaskiyarta ta wani gefen, ban taɓa gani ba. Tun ina yarinya in za a yanka ko 'yar shila ce, sai a leƙa waje a kira wani namiji, ko da wanda bai kai mu hankali ba. Na san abin da ake faɗa, na san inda ake fuskanta, na san inda ake sa wuƙa, na riƙe ƙafar kaza sau babu adadi. Amma na tsaya.

Iya ta shigo ta giɓin kwano ko ɗankwali babu, tana salati irin nasu, hannu biyu a ka. Baba yana bayanta da adda. Da ya ga halin da ake ciki ya ce cikin Hausarsa ta jirgin ƙasa, “Kawo, ni zan yanka maka, yanzu yanzu.”

“Ba ya salla,” in ji Gwaggo, ko kallonsa ba ta yi ba.

Na ce wa Iya da Yarbanci ta taimake ni ta samo mini namiji Musulmi, kowane ne, ko makaho. Tsohuwar nan ta tattare zani ta fita ta ƙofar gidanmu da gudu. Daga baya ta ba ni labari. Ta bi layi babu kowa, shaguna a rufe, har ta kai inda sahu ya fito kan titi. Ta riƙa taɓa kafaɗar mutane tana cewa akuya za ta mutu, a zo a yanka. Ana huɗuba, ba a magana. Wani ya ɗora yatsa a baki, wani ya kawar da kai, wani ya harare ta don ta zo kansu babu mayafi. Ta ce ta tsaya a bayan ɗaruruwan maza tana haki, ta rasa guda.

Ni ina durƙushe, kan akuyar a cinyata, wuƙa a hannun dama. Na juya ta ta fuskanci gabas don in an zo kar a ɓata lokaci. Na danna zanina a wuyanta. Ina jin abin da ke cikinta yana motsi a ƙarƙashin gwiwar hannuna. Sau biyu na kai wuƙar kusa, Gwaggo ta ce, “Kul.” Lasifika tana ta yi, aka tayar da salla, ina jin kabbara ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon Allah liman ya ja gajeriyar sura. Numfashinta ya riƙa nisa da juna. Kafin a yi sallama ta miƙe ƙafafu, ta saki. Cikin ya ɗan ƙara motsi, shi ma ya tsaya.

Maigidan ya shigo da darduma a kafaɗa, Iya tana biye da shi. Ya tsaya ya dubi akuyar, ya dube ni, ya dubi wuƙar.

“Subhanallahi. Tun yaushe?”

“Tun ana huɗuba.”

“Da ranta kika same ta?”

“Da ranta. A cinyata ta cika.”

“Kai! Ai da kin yanka. Yankan mace ya halatta, balle babu namiji a kusa. Malam ya sha faɗa mana a wurin karatu.”

Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin farashin albasa. Wurin karatun nan a zauren malam ake yinsa bayan magariba, shekara da shekaru yana zuwa, ni ina cikin gida ina tuƙa masa tuwon da zai dawo ya ci. Bai taɓa shigo mini da wannan maganar ba, ni ma ban san akwai ta ba balle in tambaya. Na juya na dubi Gwaggo.

“Mu dai ba mu taso mun ga ana yi ba,” ta ce, ta koma ɗakinta.

Ban yi ihu ba, ni da aka sani da baki. Na rasa wanda zan kama: kare, ko mai kare, ko tsohuwa, ko mijin da ya san abu ya bar shi a zaure, ko mai gidan da ke Arewa. Kowa na duba yana da abin faɗa, kuma babu wanda zai ce ya yi da gangan.

Mushe ba a ci, ba a sayarwa, ba a bayarwa. Maigidan ya kwance igiyar daga wuyanta, ya sa ta a buhu, ya kira mai baro ya ce a kai juji can bakin rafi. Na ce a binne ta a bayan gida, ya ce ƙasar nan duk dutse ce, kuma karnukan za su tone. Wajen la'asar na ji haushi da faɗa daga wajen rafi, karnukan unguwa duk sun hallara. Ranar babu wanda ya leƙo ta giɓinmu. Na wanke jinin tsakar gida da toka, na wanke wuƙar duk da ba ta taɓa komai ba, na mayar inda take.

Bayan kwana biyu Iya ta kira ni ta saman kwano. Na hau bokiti. Tana rungume da 'yar akuya baƙa, gajeriya, irin tasu, ta ce Baba ne ya sayo a kasuwa ya ce a ba ni. Idonta ya kumbura, na san ita ma ta yi kuka.

“Iya, in na karɓa ina zan sa ta? An ɗaure karnukan?”

Ta sunkuyar da kai. Ba a ɗaure ba.

“To ki riƙe ta a wurinki. Nan in ta shigo nama ce.”

Ta riƙe. Akuyar nan ta girma a gidansu, a sake, ba turke ba igiya. Nakan hango ta ta giɓin kwano tana kwance a inuwa ɗaya da baƙin karen, wani lokaci har tana cin abinci a gefen kwanonsa, bai taɓa ko yi mata gurnani ba, don ta gida ce. Ta haihu a can, 'ya'yanta suka haihu. Duk sanda ta haihu Iya takan leƙo ta ce, “Iyawo, akuyarki ta sauka,” in ce Allah ya raya. Har muka bar gidan ban sake kiwon ko kaza ba.